Dandalin da Ba Shi da Takarda

Tun bayan ƙaramar Sallah, maganar da ake ta juyawa a majalisun unguwa da bakin shaguna ita ce ta yaran nan masu alkafura. Duk mai bin hanyar kara da la'asar ya san su. Sukan taru a kan tarin yashin masu buga bulo, su jingine tsohuwar tayar tirela, yaro ya sheƙo a guje ya taka ta, sai ka gan shi a sama ya wuntsila sau ɗaya, wani ma sau biyu, ya dira da ƙafafunsa kamar kyanwa. Manyan cikinsu har igiya suke ɗaurawa a reshen maina, su hau da hannu zalla, su naɗe ƙafa a jikinta su saki hannu, kai a ƙasa. Mai yashi ya kore su don suna baje masa kaya. Mai bishiya ya kore su don kada wani ya karye a ƙofar gidansa a ce da saninsa. Dukansu biyu suna da gaskiya. Yanzu yaran sun aiko yayyensu wurin dattawa, suna roƙon a sama musu wuri.

Jama'a ta rabu. Akwai masu cewa wannan shirme ne da aka kwaso daga waya, mu ba mu gaji tsalle-tsalle ba. Akwai masu cewa a taimaka musu, ko ba komai ya fi zaman kashe wando da shaye-shaye. Mu dai mun ga kafin kowa ya yanke hukunci gara a waiwaya baya tukuna. Da gaske ba mu gada ba? In kuwa mun gada, to a ina iyayenmu suke yi, kuma ina wurin ya shiga?

Potiskum gari ne na hanya. Kakanninmu da suka zo sun tarar da masu ƙasa, Ngizimawa da Karekare, da maƙwabtansu Bolawa da Ngamo da Fulani. A 1924, zamanin Turawa, aka ɗauke hedikwatar masarautar Fika daga garin Fika aka kawo ta nan bakin babbar hanya, daga nan gari ya fara buɗewa. Jirgin ƙasa bai taɓa biyowa ta wajenmu ba. Ya isa Nguru a 1930, ya isa Maiduguri a 1964 ta Gombe da Buni Yadi, mu ya bar mu da mota. Amma motar ta ishe mu, don nan ne hanyar Kano ta Azare da ta Bauci da Jos suke haɗuwa, ga ta Gombe ta Fika, ga ta Gashuwa, ga wadda ta miƙe Damaturu zuwa Maiduguri. Inda hanyoyi suka haɗu kuwa ba ka rasa Bahaushe. Fatake da 'yan koli, dillalan shanu da mahauta, maƙera da dukawa da wanzamai, malamai da almajiransu, daga Kano da Haɗeja da Katagum da Misau, har da Katsina da Damagaram, kowa ya sauka wurin mai masaukinsa, ya yi aure, ya kafa gida. Har yau sunan yana nan a takardar hukuma, don ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar nan sunanta Hausawa Asibiti.

Abin da yaranmu ba su sani ba shi ne, Bahaushe ba ya tafiya da sana'arsa ita kaɗai. Kowace sana'a tana da kiɗanta, tana kuma da wasanta. Maƙeri yana da dundufa da wasan wuta. Manomi yana da gangar noma da kokawa. Mahauci yana da kalangu da dambe da hawan ƙaho. Garin da arzikinsa yake kan shanu, wanda kararsa take cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, ai ba sai an gaya maka waɗanne ne suka fi tashe a cikinsa ba.

Bari mu tsaya kaɗan a kan hawan ƙaho, don wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Ba kullum ake yi ba, sai da dalili: naɗin Sarkin Fawa, ko bikin ɗan wani babban mahauci, ko Sallah. A zaɓo bijimi mai faɗa, irin wanda ko makiyayinsa yana kaffa-kaffa da shi. A ɗaure shi da igiya gaba da baya, samari majiya ƙarfi su riƙe, a sassauta masa daidai yadda zai iya kai hari amma ba zai faɗa cikin 'yan kallo ba. Mai kalangu ya ɗauki taken mai hawa, ya ambaci ubansa da kakansa. Shi kuma ya fito daga shi sai warki, ya yi kirari, ya tunkari san. Lokacin da bijimin ya sunkuyar da kai zai kai suka, a daidai wannan ƙiftawar ido mutumin zai faɗa tsakanin ƙahonin biyu, ya rungume wuya, ƙafafu a maƙale. Sa ya ɗaga shi sama, ya girgiza, ya yi ta watsi da shi hagu da dama, shi kuwa yana manne har dabbar ta gaji. Wanda ya yi saurin faɗawa ko ya makara da daƙiƙa ɗaya, to sai maɗori, wani lokacin ma sai likkafani. Ba muna yabon wannan ganganci ba ne, za mu dawo kansa. Amma a ce mutanen da suka gaji wannan ba su san tashi sama ba, wannan kam ba a yi wa tarihi adalci ba.

Sai 'yan hoto. Sunan bai da alaƙa da hoton da ake ɗauka. Su na manoma ne, da kaka suke fitowa bayan an kai amfani gida. Mutum ya ɗauki galma, ƙarfe mai nauyi da kaifi, ya cilla ta sama ta wuce tsawon soro, tana juyawa tana walƙiya, ya tare ta da ƙirji ko dantse ko gadon baya, wani ma da ka, yana rawa bai fasa ba. 'Yan kallo suna cewa magani ne. Mu da muka girma muka lura, mun gane rabin maganin ido ne da lissafi: ya san ta wace fuska ƙarfen zai sauko, ya san yadda zai bi shi da jiki ya rage masa ƙarfi. Shekaru yake yi yana koyo a bayan gari da guntun itace kafin a ba shi galma. Ga kuma gardawa masu yawo da kura da biri da maciji, waɗanda sukan buɗe wasa da alkafura don tara jama'a. (Ba gardawan tsangaya ba, kada almajiranmu su yi fushi, suna ne ya zo ɗaya.) Ga masu tafiya a kan dogayen sanduna suna leƙa katangar mutane. Ga 'yan Koroso na Kano da suke naɗe jiki kamar ba ƙashi. Ƙananan yara kuma suna da lilo a reshen tsamiya, da langa, wadda yau ta shiga jerin wasannin gargajiya da ake gasa a kansu a ƙasa baki ɗaya, tare da dambe da kokawa.

Duk wannan a ina ake yi? A dandali. Kowace unguwa tana da nata. Ba wani gini ba ne, sarari ne kawai mai yashi, galibi kusa da ƙofar mai unguwa ko gefen kasuwa. Da safe jakuna ne da amalanke a wurin. Da rana mata su shanya hatsi. In wata ya yi haske 'yan mata su yi gaɗa a gefe guda, samari su yi langa da kokawa a ɗaya gefen, masu tallan gyaɗa da rake da dakuwa su jera fitilunsu. Da azumi, in an kwana goma, 'yan tashe daga nan suke tashi. Da kaka 'yan dambe baƙi su sauka, su yi kwana uku ko mako su wuce gaba. Sarkin samari ne ke sa a share, mai unguwa ne ke ba da izini, in rigima ta tashi dattijo ɗaya ya isa ya kashe ta. A nan ɗan Bahaushe yake gwada ƙarfi da ɗan Bakarkare da ɗan Bangizime, a kayar da wannan yau, gobe ya rama, jibi su haɗu a kara suna ciniki. Da yawa daga cikin amincin da ke tsakanin gidajenmu da na masu ƙasa, in ka bi asalinsa, a kan yashin nan aka ƙulla shi.

To amma dandali bai da katanga, bai da mai gadi, kuma bai da takarda. Ku riƙe wannan, don shi ne gaɓar maganar.

Mutane sukan ce malamai ne suka kashe dandali. Mu da muke tsayawa gaban sahu wani lokaci, ba za mu ce babu hannun wa'azi a ciki ba. Tun zamanin Shehu Usmanu da ƙanensa Malam Abdullahi malamai suke rubutu mai zafi a kan cakuɗuwar maza da mata a wuraren kiɗa, da bori, da dogaro da tsafi. Bayan an kafa Izala a Jos a 1978, wa'azi ya fito daga zaure ya hau lasifika, Islamiyyun dare suka yawaita, 'yan matan da ke gaɗa suka koma aji, kuma wannan alheri ne da ba mai musunsa. A 2000 Jihar Yobe ta shiga sahun jihohin da suka ƙaddamar da shari'a. Kuma gaskiya ɗaya ce, dandalin ƙarshen zamani ya lalace. Caca ta shiga, giya ta shiga, matan banza suka kafa rumfa a gefe, ɗan dambe ya fi yarda da layar da ke cikin zarensa a kan Wanda ya halicci hannun. Wanda ya yi wa'azi a kan waɗannan bai yi laifi ba.

Sai dai akwai bambanci tsakanin ƙazantar da ta zuba a rijiya da rijiyar kanta. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shi kuma yana tsaye ya kare Nana A'isha tana kallo, kuma da Sayyidina Umar ya so ya hana su sai aka umarce shi ya ƙyale su. Abu Dawuda ya kawo labarin kokawar da aka yi da Rukana, ƙaƙƙarfan Ƙuraishawa. Tsere da harbi da sukuwa duk suna da babi a littattafan fiƙihu. Wato motsa jiki da nuna gwaninta a gaban jama'a ba shi ne abin zargi ba. Abin zargi shi ne tsiraici, da caca, da shirka, da barin salla, da jefa rai cikin halaka. Wannan na ƙarshe shi ya sa ba za mu nemi a dawo da hawan ƙaho yadda yake a da ba, komai daɗin labarinsa a baki. Amma alkafura a kan yashi mai laushi, da wando har gwiwa, a tashi in an kira magariba, mun duba ba mu ga inda aka hana ba.

Wasu kuma sukan ce kallo ne ya kashe shi. Akwai ƙamshin gaskiya. Bidiyo ya shigo, finafinan Hausa suka fara fitowa daga Kano tun 1990, gidajen kallon ƙwallo suka buɗe a kowane lungu, daga baya waya ta shiga aljihun kowa. Wannan ya rage 'yan kallo, amma bai cinye ƙasa ba. Ga shi ma wayar ce yau ta mayar da yaran kan yashi.

Abin da ya cinye ƙasa kuɗi ne, kuma a nan mu 'yan kasuwa muka fi kowa sanin yadda aka yi. A da, in kana son wurin gini, wurin bulama ko lawani ko mai unguwa za ka je da goronka, a nuna maka, a kafa shaidu. Shi mai nunawar ya san inda ba a taɓawa: nan maƙabarta ce, nan filin idi ne, nan burtali ne, nan dandali ne. Iyakar duk a kansa take. A 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, filin cikin gari sai da takardarsa, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Daga ranar, abin da ke kan dattijo ya daina zama hujja, sai abin da ke cikin fayil. A 1991 aka yanke Yobe daga Borno. Damaturu ta samu hedikwata, amma kasuwa tana nan wurinmu, gari ya yi ta kumbura. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Potiskum sama da mutum 200,000, kuma kowa ya ga yadda aka ƙaru tun daga lokacin, balle da 'yan gudun hijira suka shigo. Fili ya zama haja kamar buhun gero. Awon igiya ya yi yawa, dillalan filaye suka fi na shanu baki.

To a irin wannan kasuwa, wa zai tsira? Masallaci ya tsira, don yana da liman da kwamiti. Maƙabarta ta tsira, galibi, don an yi karo-karo an kewaye ta, kuma mutane suna tsoron kwanciyarsu. Filin idi ya tsira don sarki yana zuwa sau biyu a shekara. Dandali fa? Na kowa ne, shi ya sa da aka zo ɗauka ba a samu mai cewa nawa ne ba. Kuma ba rana ɗaya aka ɗauke shi ba, balle a yi kuka. Wani ya kafa rumfar shayi a gefe, aka ce ai ba komai. Wani ya ajiye kwantena. Wani ya sauke bulo ya ce na ɗan lokaci ne. Magada suka taso suka ce ai asali gonar kakansu ce aka ara wa unguwa, kuma mai yiwuwa gaskiyarsu ne, don kayan aro ba ya rufe katara. Aka yanka filoti-filoti. Yau in ka tambayi dattijo ina dandalin unguwarsu, sai ya nuna maka jerin shaguna ko gareji ko gidan mai. Kuma masu shagunan nan ba baƙi ba ne daga wata duniya. Mu ne, da 'yan'uwanmu, da abokan cinikinmu.

Ɗan abin da ya rage kuma, shekarun tashin hankali suka ƙarasa shi. Ba ma son tayar da miki, amma tarihi ba ya cika in an tsallake. A farkon watan Mayu na 2012 aka kai hari kara, aka kashe mutane masu yawa, aka ƙone dabbobi. A 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka yanke layin waya, ga hana hawa babur, ga hana fitar dare. A watan Yuli na shekarar aka kashe ɗalibai a makarantar Mamudo. A watan Nuwamba na 2014, cikin mako guda, bam ya tashi a jerin gwanon Ashura, wani ya tashi a tsakiyar ɗalibai suna layin safe a makarantar kimiyya, yara sama da arba'in suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Bayan wannan, kalmar taro kanta ta zama abin tsoro. Uwa in ta ji kiɗa sai ta janyo ɗanta cikin gida. Makarantun da filayensu suke a buɗe, inda yaran unguwa suke buga ƙwallo da yamma bayan dandali ya tafi, aka kewaye su da katanga da waya mai ƙaya, aka sa ƙofa da mai gadi. Ba wanda zai zargi wanda ya yi haka. Amma a lissafa: yaron da yake da shekara goma sha biyar yau, a cikin wannan aka haife shi. Bai taɓa ganin dandali ba. Da ya ga tarin yashi ya ɗauka shi ne.

Ba mu kaɗai wannan ya sama ba, kuma akwai waɗanda suka yi dabara. Ba sai an je nesa ba, ga Nijar nan. A 1975, zamanin Saini Kunce, aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda ake ba zakara takobi, Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗauka. Abin lura ba takobin ba ne. Abin lura shi ne gasar tana zagaya jihohi, kuma manyan garuruwansu, Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso da sauransu, kowanne yana da filin kokawa ginanne, da yashi a tsakiya da wurin zaman 'yan kallo. Wato sun ɗauki dandali suka yi masa katanga da suna. Ba dillalin da zai kai igiyarsa can. Difa ma, maƙwabciyarmu, wadda ta sha irin wuyar da muka sha, ta karɓi gasar a ƙarshen 2022, jama'a suka cika fili. Duk mai sauraron rediyo a cikinmu ya ji yadda garin ya ɗauka. A nan gida kuma, dambe ya rayu ne a inda ya samu gida mai ƙofa, kamar na Sabon Gari a Kano da na Dei-Dei a Abuja, inda ake biya a shiga. Inda bai samu ba ya mutu.

Misalin da ya fi kama da na yaranmu yana Maroko. A kudancin ƙasar, yankin Sus, akwai wani malami da ya rayu a ƙarni na 16, Sidi Ahmad u Musa. Masu alkafura na ƙasar da shi suke danganta kansu. Su ne masu hawa kan juna, mutum a kafaɗar mutum har su yi kamar hasumiya, su wuntsila su sauko. Tun ƙarni na 19 ake ɗaukarsu suna wasa a Turai da Amurka, sana'a ce da take ciyar da gidaje. A birnin Marakish akwai wani babban dandali a tsakiyar kasuwa, Jama'ul Fana, inda suke wasa tare da masu maciji da masu ba da labari da makaɗa, kai ka ce gardawanmu ne. Shi ma ya kusa tafiya, don masu gine-gine sun sa masa ido. Sai wasu mutanen gari, tare da wani marubuci ɗan ƙasar Sifen da ke zaune a can, Juan Goytisolo, suka tashi tsaye, har hukumar UNESCO ta sa dandalin cikin kayan gadon duniya a 2001. Lura fa, ba gini aka karrama ba, sarari ne da abin da ake yi a cikinsa. A watan Afrilu na 2011 bam ya tashi a wani gidan shayi da ke bakin dandalin, mutum 17 suka mutu. Dandalin yana nan har yau, ana wasa. Da ba shi da takarda, da wannan ya ishi masu so su ce a rufe don tsaro, bayan shekara biyu a ga bene.

Ba muna cewa Potiskum ta zama Marakish ba, ba kuma UNESCO muke jira ba. Filin wasa na gari yana nan, amma ƙwallo ta cika shi, kuma yaro ɗan shekara goma ba zai yi wannan tattakin kullum ya dawo kafin magariba ba. Abin da yaran nan suke nema bai kai girman rabin filin ƙwallo ba. Filoti biyu sun isa. Yashi tifa uku ko huɗu, mai laushi, a tankaɗe shi a fitar da kwalba da ƙusa. Ƙarfe mai ƙwari da za a kafa da siminti a rataya igiya, a huta da reshen maina da ba a san ranar da zai ɓalle ba, kuma garin da ake ƙera bodin tirela ba zai rasa mai waldan da zai yi wannan ba. Tsofaffin katifu a ƙasa. Babba guda ɗaya mai hankali da zai tsaya a kansu, ko malamin motsa jiki ko tsohon soja, wanda zai hana ƙaramin yaro gwada abin da bai kai ba, kamar yadda ɗan hoto ba a ba shi galma sai ya gama da itace. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. To waɗannan yaran rimin suke hawa da gaske, sai a samu babban da zai tsaya a gindi.

Akwai masu ganin a roƙi wata makarantar firamare ta riƙa buɗe ƙofa daga la'asar zuwa magariba. Wannan ya fi sauƙi, kuma a fara da shi ba laifi. Amma aro ne. Ranar da aka canja hedimasta, ko wani yaro ya gurɗe, ko aka samu wata 'yar barazana, ƙofa za ta rufe, mu koma inda muka fito. Dandalin farko ma da aro ya tafi.

Shi ya sa ra'ayinmu ya fi karkata ga saye. A yi karo-karo kamar yadda aka yi wa katangar maƙabarta: 'yan kara su kawo nasu, mahauta su kawo nasu tunda su ne magadan wasan, masu tirela da 'yan hatsi su kawo nasu. Wanda Allah Ya hore wa fili a gefen unguwa kuma yana neman sadaka mai gudana, ya sani waƙafi bai tsaya ga masallaci da rijiya ba, ana yinsa a kan duk abin da zai amfani jama'a ta hanyar halal. Sai dai kada a rubuta da sunan mutum ɗaya, komai amanarsa, don shi zai mutu, magada kuma ba su yi alkawari da kowa ba. A rubuta da sunan amintattu, a sa limamin unguwa da mai unguwa da wakilin 'yan kasuwa, a sa mutum ɗaya daga maƙwabtanmu masu ƙasa don yaransu ma za su zo, a kai takarda ofishin filaye a buga mata hatimi, a ajiye kwafi a fada. A rubuta ƙarara cewa ba a gina shago a ciki, ko da na haya ne da sunan kula da filin, don ta wannan ƙofar ɓarna take shigowa kullum. A rubuta lokacin buɗewa da na rufewa, da cewa ba caca ba sigari. Iyaye mata sun riga sun tambaya ko za a ware wa ƙananan 'yan mata wata rana da mace mai kula da su. Wannan a bar wa amintattun su zauna da malamai a kai, amma a tanade shi a takardar tun yanzu, don gyaran takarda bayan an buga hatimi ya fi rubuta ta wuya.

Dillalai sun ce a cikin unguwa babu sauran filoti biyu a haɗe, sai an fita gefe. Kuɗinsu kuma yana ƙaruwa duk bayan damina, in manoma da 'yan hatsi suka samu abin hannu. Zaman dattawa na gaba bayan sallar Juma'a ne, a zauren mai unguwa, kuma an ce yayyen yaran su zo da biyu daga cikinsu.